Dutsen da Aka Yi wa Kwalliya

Ɗalibai ɗari uku, motar sashe guda ɗaya, ita ma sai an tura. Shi ya sa Malama Dinatu ta ce bana 'yan ajin farko na ilimin duwatsu za su hau Dutsen Kufena ta majigi, suna zaune a kujerunsu a Samaru. Farfesa Shehu, shugaban sashe, wanda duwatsu suka cinye masa takalma sun fi goma, ya taɓe baki. Lacca ɗaya tak ya ba ta, in abin bai koyar ba a naɗe shi.

Aikin ɗauko hotunan dutsen kuwa, Dele ta ba, wani mai hoton biki a unguwar PZ, wanda amaren Sabon Gari ke rububinsa. Da safiyar ranar laccar ya kawo, ko dubawa ba ta yi ba.

Hoton farko na fitowa a bango ta ga ɓarna. Dutse sumul kamar ƙwai. Babu tsaga, babu jijiyar farin dutse, alhali darasin kaf a kansu yake. Can baya Farfesa ya yi gyaran murya.

A gaban kowa ta kira Dele a waya.

"Ina tsagogin dutsen nan?"

"Na goge, Madam," ya ce da alfahari. "Kwana biyu ina fama. Ni ba na sakin hoto da ƙuraje."

Aji ya ɗauki dariya. Kunya ta rufe ta, amma ta cije.

"Turo min waɗanda ba ka taɓa ba."

"To, amma kar ki ce aikina ne."

Yana turowa ta jera su gefe da gefe, na kwalliya da na gaskiya, ta ce a nemo mata duk abin da Dele ya goge. Sai ga 'yan layin baya, gwanayen gyangyaɗi, suna rige-rigen ɗaga hannu. Suka zaƙulo tsaga goma sha bakwai, suka ce sun gama.

Farfesa ya kasa haƙuri. Ya taso har gaban bango, ya ɗora yatsa kan wata siririyar jijiya.

"Wannan fa? Ita ta ratsa waccan, ke nan daga baya ta zo."

Haka ya cinye mata minti ashirin, ita kuwa daɗi ya hana ta tsayar da shi. A bakin ƙofa ya juyo, fuska ba walwala.

"Malama, mako mai zuwa wane dutse za mu hau?"