Ranar da Surukata Ta Amsa wa Likita

Haƙorina ya fashe ne a kan farar ƙasa, irin wadda ake sayarwa a kasuwar garinmu Magu, wadda kowa ya san masu ciki ne ke cinta. Shi ya sa da surukata, wadda ake kira Mama Luhende da sunan ɗanta, ta tambaye ni abin da ya faru, na ce tsakuwa na tauna a cikin shinkafa. Ita ce ta tsince shinkafar, don haka ta wuni ba ta yi mini magana ba.

Cikina wata huɗu ne a lokacin, kuma daga ni sai mijina Luhende muka sani. Sau biyu a baya muna gaya wa mutane da wuri har a yi ta guɗa, sau biyun kuma cikin bai zauna ba. A wajenmu an ce bakin mutane ne ke ɓata ciki. Ni na yi makaranta, na sha yin gardama a kan wannan, amma bayan na biyun na kama bakina. Muka yi alkawari ba mai ji sai cikin ya fito da kansa. Ballantana Mama, wadda a 'yan watannin nan ta samu sabuwar sana'a, ta tsayawa a bakin famfo tana gaya wa matan unguwa ta cire rai da ganin jika. A gabana take faɗa, da ƙarfi kuma, ni ko in cika in yi fam in koma ɗaki.

Kwana uku ina fama. Na kuskure baki da ruwan gishiri, na tauna kanumfari, ƙwaya kuwa na ƙi sha saboda tsoron abin da ke cikina. Luhende yana can tafki wajen kamun kifi, sai Asabar zai dawo. Ran na huɗu na tashi kumatuna kamar na ɓoye mangwaro a ciki. Mama ta dube ni sau ɗaya ta ɗaura zane.

"Tashi mu tafi. Ba za ki mutu mini a gida a ce ni na ba ki tsakuwa ba."

Wurin likitan haƙorin ɗaki ɗaya ne a saman shagon kayan keke, an raba shi biyu da labule. A kan bencin jira muka tarar da Mama Pendo mai sayar da ƙananan kifi, maƙwabciyarmu, wadda in ta ji magana da hantsi kafin rana ta take an ji ta har birnin Mwanza. Ta ga fuskata ta tafa hannu.

"Ikon Allah! Kabula, wasu ciki ke kumbura musu, ke naki a kumatu ya tsaya?"

"To ya za a yi," in ji surukata. "Abin da muka samu ke nan."

Da bakina yana buɗuwa da na ba su amsa, su biyun.

Saboda kumburin aka shigar da ni kafin kowa. Likita Mwakalinga ɗan siriri ne mai fara'a. Ya kwantar da ni a kujera, ya cusa mini auduga, ya sa ƙaramin madubi da yatsu biyu a bakina, sannan, kamar yadda duk likitocin haƙori ke yi, ya fara tambayoyi. Mama ta tsaya ta bayan kaina ta karɓi aikin amsawa.

"Shekarunta nawa?"

"Ashirin da takwas, amma taurin kan na 'yar shekara sittin ne."

"Tana da hawan jini?"

"Ni take sa wa."

"Tana da juna biyu? Don akwai magungunan da ba mu ba mai ciki."

"Wa? Wannan?" Mama ta ɗaga murya yadda har mai shagon keke zai ji. "Babu komai, likita! Shekara shida, ko ɓera!"

In na yi shiru, zai ba ni maganin da zai iya taɓa ɗana. In na yi magana, labule ne kawai tsakanina da Mama Pendo. Na yi ƙoƙarin sanar da shi a ɓoye, na ɗora hannu a cikina ina shafawa.

"Yunwa take ji," in ji Mama. "Kwana uku ko tuwo ba ta ci ba."

Na ɗaga yatsu huɗu.

"To, kwana huɗu. Kullum sai ta gyara mini zance."

Likita ya ce "madalla", ya juya ya ɗauko allura, ya ɗaga ta sama yana ƙwanƙwasa ta da farce. A nan hankalina ya tashi gaba ɗaya. Na tuna ranakun nan biyu da na dawo daga asibiti hannu rabbana. Da ya sake kawo yatsansa na gartsa masa cizo, na tofar da audugar, na miƙe zaune.

"Ina da ciki! Wata huɗu! Kada ka sa mini komai!"

Daga bayan labule aka ji bencin ya yi ƙara, alamar wata ta gyara zama.

Likita yana yarfe yatsa ya ce a hankali, "Baiwar Allah, ai na sani. Tsohuwar nan tana cewa babu da baki, tana gyaɗa mini kai kamar ƙadangare, tana nuna mini yatsu huɗu ta bayanki. Shekarata goma a garin nan, na san yadda ake amsa wannan tambaya. Allurar nan ta kashe zafi ce, ba ta yi wa ciki komai, kuma maganin masu ciki zan rubuta miki. Ruɓar da kika bari kwana huɗu ita ce abin tsoro."

Na waiwaya. Mama ta harɗe hannuwa tana harara ta.

"Wata uku," ta ce cikin raɗa, tana cije haƙora. "Wata uku ina tsaye a famfo ina zubar da mutuncina, ana cewa ni muguwar suruka ce, don kada ido ya dawo kanki. Ke kuma a minti ɗaya kin yi shela."

"Mama, yaushe kuka sani?"

"Ranar da kika ce kifina yana wari. Shekara shida kina cinsa har da suɗe kwano."

Ta yaye labulen ta fita. Ina jin ta tana yi wa mutanen benci bayani: "Allura ce ta juya mata kai. Yanzu ma ta ce ita ce matar gwamna. Ku yi mata addu'a."

"Har an yi allurar?" in ji Mama Pendo.

"Ki shigo a yi miki ki gani!"

Ta dawo ta ja labulen har ƙarshe. Likita ya naɗe yatsansa da filasta, ya ce in ba zan ƙara cizo ba zai ci gaba. Na kwanta, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Ya yi allurar, leɓena ya yi nauyi, ya ɗauko abin cirewa. Sai na ji Mama ta zagayo ta gefena, ta kama hannuna, ɗaya hannun kuma ta ɗora a kan cikina, karo na farko. Tafin hannunta da kaushi.

Ta sunkuyo daidai kunnena. "Uku na rasa kafin Luhende. Ban taɓa gaya wa kowa ba, ko shi. Ba mai cewa laifinki ne, kin ji? Wannan zai zauna, da yardar Allah."

Hawaye ya gangaro mini har cikin kunne. Likita ya tsaya, haƙorin yana rabin fita.

"Da zafi ne? In ƙara allura?"

"Ba zafi ba ne, likita," in ji Mama. "Yi aikinka."