Tsohuwar Karbiratar Baba Manzo

"Wa ya taɓa mani mota?"

Muryar Baba Manzo ce ta ƙetaro katanga, ta iske maƙwabcinsa Salifu tsugune yana ɗaure akuya. Kwana tara ke nan hawan jini ya kwantar da tsohon, ko zaure bai leƙo ba, amma wannan tsawa ba ta yi kama da ta majinyaci ba. Salifu ya saki igiya ya zagaya.

A ƙofar gida, ƙarƙashin itacen bedi, tsohuwar Fijon nan da duk Korgom ke kira Kat-san-kat tana tsaye bakinta a buɗe. Khalid, ɗan Baba Manzo da ya dawo daga Maradi, yana taka mata wuta tana ruri kamar za ta tashi sama. Ya cire mata karbiratar da ta zo da ita, wato ƙarfen da ke gauraya mai da iska kafin su shiga inji, ya ɗora wata sabuwa mai baki biyu, tana walƙiya.

Salifu ya san da hannunsa a ciki. 'Yarsa Munira sikila gare ta, kuma duk ran da ciwon ya motsa, motar nan ce ke kai ta Tasawa. Watan jiya yarinyar tana ihu a cinyarsa, ƙasusuwanta kamar ana sara, Baba Manzo kuwa yana tuƙi a natse kamar mai rakiyar amarya. Tun ran nan abin ya tsaya masa a rai. Da Khalid ya nuna masa sabuwar karbiratar, shi ne ya ce, "Ka sa ta yanzu tun yana kwance. In ya tashi ya ga gudu, bakinsa zai mutu."

Suka shiga ɗaki su biyu. Tsohon ya jingina da bango, Inna Sa'a matarsa tana masa fifita.

"Baba, ko ganinta ba ka yi ba," in ji Khalid.

"Sai na gani? Shekara arba'in ina kwana da muryar motar nan ina tashi da ita. Ka shaƙe ta, ɗan nema!"

"Dubul ce fa, Baba. Duk garejin Maradi ita ake sawa."

"Maradi gudron gare su, kwalta shimfiɗe. Mu nan mi gare mu? Rairayi! Ka ƙara mata baki, ka ƙara mata ciki ne? Injin nan tun da aka ƙera shi ba a taɓa faɗaɗa masa komi ba. Ka ɗauki akushin ƙato ka ɗura ma tsohuwa, ka ce ta yi kokawa."

"Zamani ya sake, Baba."

"Rairayin bai sake ba." Ya juyo. "Salifu, kai da ke da hankali, kana kallo?"

Salifu ya dubi ƙasa. "Na ce ko za ta ɗan ƙara sauri, Baba. Saboda yarinyar nan."

Tsohon ya daɗe yana dubansa. "Sau nawa na kai ɗiyarka likita?"

"Ba na iya ƙirgawa."

"Sau nawa muka kwana a hanya?"

"Ko sau ɗaya."

"To, wannan shi ne saurin. Ku kawo mani abina."

A bayan ɗakin girki Salifu ya tsinto ta, cikin tarin gwangwanaye inda Khalid ya wurga ta. Baba Manzo ya ɗora ta a cinya, ya kwance jiklar, ɗan ƙarfen da mai ke bi ta hudarsa, ya sa a baki ya hura har ya yi fito. Haka yake yi duk ran da motar ta sha esansi, wato fetur ɗin kwalba na bakin kasuwa. Ya goge ta tas, ya naɗe a tsohon rawaninsa, ya ajiye kusa da matashin kai.

"Gobe da safe a maida ta."

"To, Baba," in ji Khalid. Da suka fito sai ya raɗa wa Salifu, "Bari in gwada ta zuwa Tasawa tukuna."

Salifu bai ce a'a ba.

Washegari da hantsi sai ga ihun Inna Sa'a. Salifu ya shiga a guje ya iske tsohon a ƙasa, baki ya karkace, hannun dama da ƙafa sun saki. Aka kira majo, babban ma'aikacin jinya, daga likita, ya duba ya ce, "Wannan ya fi ƙarfinmu. Ku kai shi Tasawa yanzu, kada ku jira komi."

Suka shimfiɗa katifa a bayan mota. Da suka zo ɗaga shi, sai Salifu ya ga hannun hagunsa ya damƙe ƙullin rawanin nan a ƙirji. Yana ta ƙoƙarin magana, harshe ya ƙi.

"Ka... ka..."

"Ba mai ɗaukar maka, Baba," in ji Salifu. Ya ɓamɓare yatsun tsohon ɗaya bayan ɗaya, ya miƙa wa Inna Sa'a. "Ajiye masa, Inna. Mutum na cikin wannan hali yana ta ƙarfe!"

Idanun Baba Manzo suka bi ƙullin har ya shige gida.

Daga fitarsu gari ƙasa mai tauri ce, motar kuwa ta ba da mamaki. Gonakin da aka girbe suna wucewa fuu, kara na kaɗawa. Khalid ya leƙo da kai ta taga ya ce, "Ka gani, Kawu?" Salifu yana baya riƙe da kan tsohon, har ya ji wani sanyi a ransa. Ya ce a zuci, da haka ake kai Munira.

Sai suka iso tudun rairayin nan da kowane direba ya sani. A nan Baba Manzo kan sa giya ta biyu, ya ɗora ƙafa a hankali, injin na gunguni ƙasa-ƙasa har su haye. Khalid ma haka ya yi, don ya sha gani. Amma da gudu ya ragu sai motar ta yi tari, ta yi kamar ta haɗiye harshenta. Ya danna mata wuta, ta yi shiru, sannan ta zabura gaba ɗaya, ƙafafun baya suka tona rami. Baƙin hayaƙi ya turnuƙe. Ta mutu.

Khalid ya kwance buji, wato filogogin inji, duk sun jiƙe da mai. Ya goge ya mayar. Ta tashi, ta yi ruri, da ya saki ƙafa ta sake shaƙewa. Sau uku. Wasu manoma biyu da ke ɗaurin kara suka zo suka tura, suka tona, suka shimfiɗa kara ƙarƙashin taya. A banza.

"Ka ce duk Maradi ita ake sawa!" Salifu ya daka tsawa daga baya. "Ga ubanka nan kwance cikin rana! Ina gudun? Ina dubul ɗin?"

Khalid ya ɗago, fuska duk baƙin mai. "Wa ya ce in sa ta tun yana kwance? Wa ya ƙwace ta daga hannunshi ɗazu?"

Salifu ya dubi tsohon. Ido ɗaya ya rufe, ɗayan yana kansa, ba ƙiftawa. Sai a lokacin ya gane abin da "ka, ka" ke nufi. Mutumin da harshensa ya mutu ya fi su duka sanin inda za su tsaya, har ya ɗauko maganin da hannunsa guda.

Ya zaro salula yana kuskuren lamba, ya kira matarsa. "Zara'u! Maza gidan Inna Sa'a, ki karɓi ƙullin rawanin nan, ki ba Gazali mai kabu-kabu. Ki ce tudun rairayi. Ki ce ya tashi sama!"

Ya tuɓe babbar rigarsa ya riƙe ta bisa kan tsohon don inuwa. Hannuwansa suka gaji bai sauke ba. Numfashin Baba Manzo ya koma ja da ƙyar, da wani ƙara a maƙogwaro.

"Ka gafarce ni, Baba. Ni ne. Tsoro ne ya sa ni."

Yatsun hagun suka motsa bisa katifa, suka taɓa gwiwarsa, suka tsaya nan. Salifu bai san ko yafiya ba ce ko faɗa. Ya sunkuya yana maimaita masa kalmar shahada a kunne. Khalid ya hawo ya riƙe ƙafafun ubansa.

Sun jiyo kukan babur daga nesa, amma kafin ya iso Salifu ya riga ya shafe idon nan guda ya rufe.

Gazali ya sauka da ƙulli a hannu, ya dube su, ya cire hula. Khalid ya karɓa, ya buɗe bakin mota, ya kwance sabuwar ya jefar cikin rairayi. Yana ɗaura tsohuwar hawaye na ɗiga bisa inji. Aikin bai kai tsawon shan shayi ɗaya ba.

Murɗawa ɗaya ta tashi. Ta yi gunguninta na da, ta fito daga ramin kamar ba ita ba, ta juya ta nufi gida.

Salifu yana baya, ya lulluɓe gawar da rigarsa. Ya rasa wanda zai zaga. Duk inda ya kai fushin, sai ya dawo kansa.

Inna Sa'a tana tsaye a ƙofar gida, ta riga ta yafa mayafi. Ba ta tambayi kowa ba.

"Tun daga bayan gari na ji muryarta ta dawo," in ji ta. "Na ce to, sun ji maganarshi." Ta dubi ɗanta, ta dubi Salifu. "Sai da ya mutu."

Maza suka ɗauki katifar suka shiga da ita. Kuka ya tashi daga cikin gida. Khalid ya kashe mota ƙarƙashin bedi ya bi su.

Salifu ya tsaya shi kaɗai, rawanin tsohon a hannunsa yana warin esansi. Munira ta fito daga gidansu a hankali, da 'yar ɗingishinta, ta tsaya gefensa. Ya ɗora tafinsa bisa bakin motar. Da sauran ɗumi. Can ciki ƙarfe yana ƙas, ƙas, yana hucewa.