Ranar Da Na Zama Baƙo a Gidanmu

Solène ce ta zaɓi wurin, ba ni ba. Saura wata uku aurenmu, ta ce kafin hidima ta sha kanmu sai mun je wani waje mun huta. Ta sayi tikitin jirgin ƙasa, ta kama ɗaki, duk ba ta gaya min ba. Sai a tashar Lyon na ga an rubuta Aix-les-Bains a jikin takardar. Na yi murmushin dole na ce ta iya zaɓe.

Abin da Solène ta sani a kaina shi ne sunana Fabien, ina aiki a shagon tabarau, an haife ni a Grenoble, iyayena malaman makaranta ne kuma sun rasu, ba ni da kowa a duniya. Sunan gaskiya ne, aikin ma haka, rasuwar ma haka. Sauran duk ni na ƙirƙira. An haife ni a arewacin tafkin Bourget, tafkin da Aix-les-Bains ke bakinsa, a wani gida mai ƙarnin kifi kusa da ƙauyen Conjux. Babanmu masunci ne, yayana Norbert ya gaje shi. Ƙaryar Grenoble kuwa na fara ta ne ina shekara goma sha tara, a makarantar koyon aiki, ranar da wata yarinya ta toshe hanci ta tambaya wa ya shigo da kifi aji. Tun daga ranar ƙaryar ta bi ni, har gidan su Solène, gidan likitoci, inda ake jera cokula uku a gefen kowane faranti.

Da Mama ta kwanta ciwo, shekara huɗu Norbert da matarsa Maryse suna ɗaga ta suna kwantarwa. Sau biyu na je. Ranar jana'izarta na aika furanni na ce aiki ya riƙe ni. Shekara tara ke nan ni da Norbert ko waya ba ta haɗa mu.

Washegarin isarmu Solène ta hango shagon da ake ba da hayar ƙananan babura a bakin ruwa, ta ja hannuna.

"Yau sai mun zagaye tafkin nan kaf," ta ce. "Wancan shuɗin nake so."

Mai shagon ta shimfiɗa mana taswira tana nuna min hanya da biro, nan kwana take da yawa, nan za ku ga tsohon cocin sufaye daga tsallake. Ni kuwa ina ta gyaɗa kai kamar ban taɓa jin sunayen ba. Har tambayarta na yi yadda ake faɗin Chindrieux, garin da na yi firamare.

Na so mu yi kudu, Solène ta ce arewa, kuma taswirar na hannunta. Muka kama hanyar da ke bin gaɓar ruwa, dutse a damanmu, tafki a hagu, shuɗi har ya yi duhu a tsakiya. Ɗan babur ɗin yana ta ƙara kamar keken ɗinki. Solène ta rungume ni ta baya tana ihu cikin iska, kalli wancan jirgin, kalli gonar inabi, kalli tsaunin can mai kama da haƙori. Na san sunan tsaunin, na san wanda ya dasa inabin. Sai dai in ce, "Kai, da kyau."

Kuma da kyau ɗin. Abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Na manta yadda iskar wurin take da sanyi ko a watan Yuni, da ƙanshin ciyawar bakin ruwa. Can na tsinci kaina ina jin daɗi, sai na tuna inda hanyar za ta kai mu.

Mun tsaya shan kofi a wani ƙauye. Ban cire hular kwano ba, don kar wani ya gane ni.

"Da ita za ka sha?" Solène ta tambaya tana dariya.

"Igiyar ce ta ƙi kwancewa."

Bayan mun zagaya ƙarshen tafkin, akwai wata kwana mai gangara, daga ita sai 'yar hanyar da ke sauka gidanmu. Kowane yaron wurin ya san ruwan sama yana zubo tsakuwa a kwanar nan. Na sani sarai. Amma da na hango jan rufin gidan ta cikin bishiyoyi, sai na murɗa hannu don mu wuce da sauri. Tayar gaba ta taka tsakuwa, na damƙe birki, babur ya zame ya kwanta da mu.

Ni tafin hannuna ne kawai ya ɗaye. Solène kuwa gwiwarta ta fashe, jini yana gangarowa har cikin takalmi, idon sawunta ya fara kumbura. Tana cewa ba komai, amma ta kasa tsayawa. Na fizge hular na jefar, na durƙusa a gabanta. A lokacin wata tsohuwar a-kori-kura cike da akwatunan ƙanƙara ta hauro daga 'yar hanyar ta tsaya.

Norbert ne ya fito daga ciki. Ya yi ƙiba, gashin kansa ya yi fari fat, amma tafiyar ta Baba ce. Ya zo har kanmu, ya dubi Solène, ya dube ni. Na ga bakinsa ya buɗe zai kira sunana. Sai na riga shi.

"Malam, don Allah ku taimaka mana. Mu baƙi ne."

Norbert ya daɗe yana kallona. Ya goge hannuwansa a jikin wando, ɗaya bayan ɗaya.

"Baƙi," ya ce. "To. Sannunku, Yallaɓai. Madam, riƙe wuyana, gidana na nan ƙasa."

Ya ɗauke ta cak ya sa a gaban mota, ya ɗaga babur ɗin shi kaɗai ya ɗora a baya. Ni ya nuna min gefen akwatunan kifi ya ce, "Sai dai ku yi haƙuri da ƙarni, Yallaɓai."

Maryse na shanya a tsakar gida. Da ta gan ni sai rigar da ke hannunta ta faɗi ƙasa. Norbert ya je ya yi mata magana a kunne. Ta dube ni tun daga takalmi har kai, sannan ta juya ga Solène da fara'a.

"Shigo, 'yar uwa, shigo. Wa ya yi miki wannan aika-aika?"

Aka zaunar da Solène a kicin, a kan kujerar da Mama ke zama tana fere dankali. Maryse ta kawo ruwan ɗumi da auduga da aidin, tana wanke ciwon tana jan ta da hira. Daga ina? Lyon. Shi kuma maigidan?

"Shi ɗan Grenoble ne," in ji Solène. "Wannan ne zuwansa na farko."

"Ikon Allah," Maryse ta ce ba ta ɗago ba. "Mutanen Grenoble dai akwai kama da mutanen nan. Ko ba haka ba, Norbert?"

"Duniya ce," in ji Norbert daga bakin ƙofa.

"Yana da 'yan uwa a can?"

"Ba shi da kowa, bawan Allah," Solène ta ce, ta miƙo hannu ta riƙe nawa. "Shi kaɗai iyayensa suka haifa."

Norbert ya juya yana kallon waje. Ni kuwa na zuba wa ƙasa ido. Ba abin da ya canja a kicin ɗin. Agogon nan, labulen nan mai zanen lemo, har tabon da na ƙona a kan tebur da dutsen guga ina ɗan shekara tara.

Maryse ta naɗe bandeji, ta shiga laluben abin yanka shi. Ta buɗe wannan aljihun tebur, ta buɗe wancan.

"Norbert, ina ka kai almakashin nan kuma?"

"Yana cikin gwangwanin biskit, saman firji," na ce.

Ban san na faɗa ba sai da na ji muryata. Maryse ta miƙa hannu ta sauko da gwangwanin, ta buɗe, ta ciro almakashin ta ɗaga shi sama kowa ya gani.

Solène ta saki hannuna.

"Da za mu shigo," ta ce a hankali, "na ga ka sunkuyar da kai tun kafin ka iso katakon ƙofar. Na ce ko ido ne da kai. Fabien, gidan wa muke?"

Norbert ne ya so ya rufa min asiri, har a lokacin.

"Madam, ai kowane gida a nan a gwangwanin biskit ake..."

"Yaya, bari," na ce. "Gidanmu ne, Solène. Nan aka haife ni. Wannan yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Babanmu bai taɓa koyarwa ba, kifi yake kamawa."

Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba. Da ta yi, da na fi samun sauƙi. Ta dubi Norbert ta ce, "Ku yafe ni. Na zauna a gidanku na ce ba ku a duniya."

"Ba ke kika ce ba, ƙanwata," in ji Maryse, ta datse bandejin. "Kai kuma fita ka ba mu wuri. Ka tsaya mana a ka kamar sandar lantarki."

Na fita. Norbert ya riga ya sauke babur ɗin a gindin bishiyar goro, ya matse tayar gaba tsakanin gwiwoyinsa yana miƙe kan da ya karkace. Na tsaya gefe. A bakin ruwa kwalekwalen Baba na ɗaure, an sake masa fenti kore, taruna na shanye a kan turaku.

"Riƙe min nan," ya ce. Na riƙe. Ya murɗa, kan ya dawo daidai. Madubi ɗaya ya tsage, gefe ya goge, ban da haka lafiya lau.

"Kai da ka fi kowa sanin kwanar nan, Auta."

Rabon da wani ya kira ni Auta tun Mama na da rai. Na ce, "Yaya, ban san ta inda zan fara ba."

"Kar ka fara. Ba ni da lokacin jawabi, kifi na jirana a mota." Ya duba birki, ya matsa ya saki. "Kunyarmu kake ji, na sani tun tuni. Wannan bai dame ni ba, ni ma wataran kunyar kaina nake ji in na shiga banki da takalmin roba. Amma ita ba ta cancanci haka ba."

"Solène?"

"Mama."

Ya zauna a kan wani akwati da aka kife. Ya ce a shekararta ta ƙarshe duk Lahadi sai ta tambaya ko na bugo waya. Da farko yana cewa a'a, sai ta juya fuska bango ta ƙi cin abinci. Daga baya ya koma ce mata na bugo tana barci. Sai ta ce me na ce. Shi kuma ya ƙirƙira: an ƙara min girma a wurin aiki, na sayi sabuwar kwat, na ce a gaishe ta, ina nan tafe da bazara.

"Har budurwa na yi maka," ya ce. "Mai jan gashi, ma'aikaciyar gidan waya. Mama ta so ta sosai. Ka ga ni ma na iya ƙarya, ba kai kaɗai ba."

Na durƙusa a ƙasa na rufe fuska da hannuna mai ciwo. Bai taɓa ni ba, bai ce in yi shiru ba. Ya bar ni har na gama.

Da na ɗago na ce, "Ina kabarinta yake?"

Wannan tambayar ce ta fi duk abin da na yi ranar nauyi a bakina. Ya dube ni, ya tashi ya leƙa ta tagar kicin ya ce wa Maryse ta sa kifin a firji. Na hango Solène zaune da ƙafa a kan kujera, an ajiye mata farantin soyayyen kifi da dankali, Maryse na nuna mata wani abu a cikin tsohon kundin hotuna. Ba ta kalli taga ba.

"Ba za ka gane shi da kwatance ba, an faɗaɗa maƙabartar," in ji Norbert. Ya ɗauki hular Solène ya cusa kansa da ƙyar, ya haye bayan ɗan babur ɗin har ya nutse. "Ja mu je. A hankali, ni ba ni da fatar ajiya."

Kabarin na can ƙarshe kusa da katanga, inda ake hango ruwa. An share shi tsaf, an dasa furanni ja a tukunya. A jikin dutsen, ƙarƙashin sunanta, an rubuta: daga 'ya'yanta, Norbert da Fabien. Na karanta, na sake karantawa. Norbert ya sunkuya yana cire ciyawa, ya miƙo min butar ban ruwa ya nuna min inda famfo yake.

Da yamma ya mai da Solène masauki a mota, ni na bi su a baya da babur. A jirgin komawa Lyon ba ta yi min magana ba sai da muka kusa sauka. Ta ce a ɗaga auren zuwa baɗi, tana so ta san wanda za ta aura tukuna, kuma ni zan je da bakina in gaya wa iyayenta dalili. Na je ranar Asabar. Babanta ya saurare ni har ƙarshe bai katse ni ba, sannan ya tambaye ni wane irin kifi ake kamawa a tafkin. Na gaya masa.