Natton Baba Tokuji

"Ki shigo mana, tsayuwa a taga sai ka ce mai karɓar haraji," in ji Baba Tokuji daga kan shimfiɗarsa.

Michiyo ba ta motsa ba. Warin natto, waken nan mai yauƙi da ɗoyin daddawa, ya cika ɗakin, ya fito har inda take tsaye cikin dusar ƙanƙara.

"Baba, ka san ba zan iya ba. Jiya muka shimfiɗa koji."

"Koji, koji. Shinkafa mai fumfuna ta fi ni daraja ke nan?"

Ya sani sarai, neman magana ne kawai irin nasa. Duk mai dafa giyar shinkafa, irin maƙwabciyarsa Michiyo, ba ya cin natto da hunturu, ko kusa da shi ba ya zuwa, don ƙwayar da ke ruɓar da waken tana bin hannu da tufafi, in ta shiga ɗakin koji, wato shinkafar da ake sa wa fumfuna don haɗa giyar, ta cinye komai. Ga shi shinkafar bana ta kowane gida ce a ƙauyen. Tun da aka rufe makarantar firamare, gidan giyar nan ne kaɗai abin da ya rage musu na tarayya. Kowa ya kawo buhunsa, dusar giya kuma ta koma gonaki ta zama taki. Mafi kyawun buhu na Tokuji ne, wanda agwaginsa ke cinye masa ciyawar gona maimakon magani.

Al'adarsu ce, ranar da aka wanke tukwanen giya da bazara, sai ya ɗauko natton da ya naɗe da karan shinkafarsa, su zauna bakin ƙofa su ci, yana kushe giyarta tana kushe wakensa. Bana likita ya ce ba zai ga bazara ba, shi ne tsohon ya jawo bazarar da ƙarfin tsiya.

'Yarsa Sanae, wadda ta zo jinya daga birni, ta leƙo tana raɗa. "Yaya Michiyo, ya ƙi ci fa. Ya ce sai da ke."

"Ki ce ya jira a tace giyar farko. Kaɗan ya rage."

"Ina jin ki," in ji tsohon. "Ki je ki gaya wa mutuwa ta jira. Ke ce kika iya ba da umarni."

Haushi ya turnuƙe ta. Mutumin da ya koya mata kada ta yi wasa da shinkafar mutane, yau shi ke so ta jefa ta a rami don kwanon wake. Ta juya ba sallama, tana jin sa yana tari haɗe da dariya.

Washegari da hantsi tana cikin ɗakin koji, gumi na zuba, tana murje shinkafa da tafin hannu, sai mijinta Noboru ya ƙwanƙwasa ƙofa. Bai buɗe ba, kada zafi ya fita. Ta cikin katako ya gaya mata Baba Tokuji ya rasu.

Ta gama murje tiren da ke gabanta tukuna, ta rufe shi da zane. Daga baya wannan ne ya fi ci mata rai.

An kwantar da shi kai na duban arewa, farin ƙyalle a fuska. Kusa da matashinsa Sanae ta ajiye kwanon shinkafa na mamaci, ta zuba natto a kai, dunƙule kamar duwatsu.

"Haka ake ba shi?" Michiyo ta tambaya da zafi. "Ba ki gauraya ba. Ba ya ci sai ya yi fari."

"Yaya, bar shi, kada ki taɓa. Kojinku fa."

Ta riga ta ɗauki tsinken cin abinci. Ta yi ta juyawa da ƙarfi, tana harar farin ƙyallen.

"Kai dai ba ka taɓa iya jira ba," ta ce masa. "Ko damina sai ka yi mata faɗa."

Ta ɗiba ta kai baki, ta mayar da sauran kusa da kansa.

Da ta fito, Noboru yana tsaye ƙofar gidan giya a tsallaken hanya. Ya dubi hannunta, ya gane. Shi kuwa ko tuwon gida bai iya gane zafinsa ba, balle koji, amma yau shi zai juya shinkafar ƙauye gaba ɗaya. Ya shiga, ya jawo ƙofa a hankali.

Michiyo ta tsaya a wannan gefen. Tururi na tashi daga rufin, wani siririn zaren yauƙi yana lilo tsakanin yatsunta.