Golan da Aka Ɗora a Kan Tebur

A tashar motocin Gamawa da ke Azare Malam Kashim ya iske shi, zaune a kan akwatinsa na ƙarfe yana jiran Fijo ta cika ya gudu gida. Talha ke nan, golan makaranta, ɗan ajin ƙarshe, ga jarrabawar fita ta ƙarato. Ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa.

Ran Malam Kashim ya ɓaci, amma ba da yaron ba. Shi ne malamin wasanni, a gabansa aka yi komai. A wasan ƙarshe na cin kofi wata ƙwallo ta gangaro a hankali, irin wadda tsohuwa ma za ta tare da zani, ta bi ta tsakanin ƙafafun Talha ta shige raga. Shi ke nan fa, duk ƙwallayen da ya ture tun farkon gasa aka manta da su. Washegari a taron safe firinsifal, Alhaji Maikuɗi, ya sa aka fito da tebur aka ɗora yaron a kai, ɗalibai suka haɗa baki suka ja masa "shem", kamar yadda ake yi wa ɓarawon kwano. Wai al'adar makaranta ce, wai haka ake gyara rago. Gyara! Kafin la'asar har masu rake a bakin kasuwar Azare sun san sunansa ya koma Kwando.

Tun daga nan yaro ya daina ci, ya daina magana. Aka kai shi ɗakin magani, suka ba shi ƙwayar zazzaɓi. Wani ya ce iskanci ne, bulala ce maganinsa. Ɗan wasa ya gurɗe ƙafa, ka ga ana gudu da man zafi da bandeji, amma a karya masa zuciya a bainar jama'a sai a ce ya yi ta maza. Yau ɗin ma da firinsifal ya ce a nemo shi, ba tausayi ba ne. Wanda ya maye gurbinsa ne ya karye a hannu, ga wasa ranar Asabar.

Malam Kashim ya tsuguna ya yi ta lallashi, ya kawo zancen jarrabawa, ya kawo zancen mahaifiyarsa. Talha dai ƙasa yake kallo. Can ya ce, "Malam, ko salla nake yi sai in ga ƙwallon nan tana wucewa. Ni na gaji."

Yadda ya faɗi "na gaji" ɗin nan ya tsorata Malam Kashim. Ya saɓi akwatin da kansa, ya ce su je, ba wanda zai ƙara sa shi a raga sai ya so.

Wurin Malama Folashade ya kai shi. Haifaffiyar Azare ce, babanta na da shago a kasuwa, kuma aikin da aka turo ta yi ke nan, sauraron ɗalibai masu damuwa. Amma firinsifal ya ce yaransa ba mahaukata ba ne, ya ɗora mata darasin Turanci, ya cika ofishinta da karyayyun kujeru. Ta ture kujerun gefe, ta ba Talha ruwa. Ko sunan ƙwallo ba ta ambata ba, sai ta tambaye shi rabonsa da barci. Ta ce Malam ya jira a waje.

Ya zauna a dakali. Can sai kuka ya ɓalle a ciki, irin wanda aka daɗe ana dannewa. Bayan kukan sai ya ji muryar Talha tana ta zuba, Malama ba ta katse shi ba. Wani sanyi ya ratsa Malam Kashim, tare da takaicin ashe ɗakin nan na nan tun ranar farko.

Sai ga Alhaji Maikuɗi yana saɓa babbar riga, fuska a sake. Ya ce madalla da aka samo shi, a ba shi riga ya fita fili da yamma. Malam Kashim ya miƙe ya tare ƙofa. Ya san irin wannan tsayuwar ce ke sa a jefa malami wani ƙauye mai nisa.

"Ranka ya daɗe, ba ni da gola ranar Asabar."

"To wane ne a cikin ɗakin nan?"

"Mara lafiya ne, ana duba shi. A rage murya."