Jinin Auta

Jinin Autata yana cikin tsohuwar firizar da ke lungun ɗakin bincikenmu, kuma ni ce mai kula da firizojin. Sikila ce ta ɗauke ta. Kafin ta rasu ita da kanta ta miƙa hannu aka ɗiba, tana tsokanata wai ko ba ta nan za ta riƙa raka ni aiki.

Firizar nan shan wuta gare ta na fitar hankali. Saboda ita janareta ba ya hutawa, hayaƙinsa kuwa katanga yake tsallakawa ya sauka a shagon wani tela. Da Farfesa, shugabanmu, ya ce a kashe ta, tunda binciken da aka tara jinin dominsa ya ƙare kuma sola za ta iya ɗaukar sauran firizojin, sai na taso masa haiƙan. Na ce yau an gama, gobe fa? Wa ya san tambayar da wani zai zo da ita, wadda amsarta ke cikin kwalaben jinin nan? Bai musa ba. Ya ce dai in zaga bayan katanga tukuna.

Na zaga ina cika ina batsewa. Na tarar da telan a kan keke, farin yadin gabansa ya yi toka-toka, matarsa na zaune a benci tana jan numfashi da ƙyar. Faɗa na shirya, amma bawan Allah kujera ya ba ni. Ya ce ya ji magani muke nema, shi ya sa bai taɓa kai ƙara ba.

"Baiwar Allah, kun kusa samowa? Don ita kam ta gaji."

Wallahi kunya ta rufe ni.

Da na koma, abu ɗaya na roƙi Farfesa: a bar mini kwalbar 'yata. Ya sunkuyar da kai kawai, don ni ma na san ba zai yiwu ba. A aikinmu ba a sa suna a kwalba, lamba ake sawa, kuma da bincike ya ƙare ake goge abin da ke haɗa lamba da mai ita, don rufin asirin marasa lafiya.

Na kashe firizar, aka kashe janareta, har na jiyo ƙarar keken tela ta bayan katanga. Abokan aiki suka ce in zauna su kwashe kwalaben, na ce su bari. Ni na riƙa ɗauka da hannu biyu zuwa tukunyar tururin da ake lalata su, a hankali, ina yi wa kowace kwalba sallama, don ban san wacce ce tawa ba.