Awa Ɗaya da Rabi Zuwa Yamai

Sai bayan sadakar bakwai Inna Saoudatou ta ji maganar jirgin sama. Assétou mai atamfa, da ta zo gaisuwa, ita ta sako ta cikin hira: wai daga Kwatano zuwa Yamai awa ɗaya da rabi ne a sama, kuma duk Talata ana tashi. Ran Talata da asuba ɗan Inna, Karimou direba, ya cika a asibitin Yamai. Da aka bugo waya gidan delege, wato mai unguwar Zongo, ƙanin mijin Inna Alhaji Muhuyi aka kira, ya ce a rufe shi kawai, kwana uku ke tsakanin uwarsa da Yamai: jirgin ƙasa zuwa Parakou, babbar mota, ga jiran iyaka a Malanville. Ba wanda ya leƙo ɗakinta sai da aka gama.

Ba ta tsaya ga zancen mai atamfa ba. Ta yafa mayafi ta taka har filin jirgi. Tun harin da sojan haya suka kawo Kwatano ba a barin kowa ya matso, wani soja ya tare ta yana ce mata kamarad, wato abokiyar gwagwarmaya. Ta ce ita ba kamarad ɗin kowa ba ce, ta haifi wanda ya girme shi, tambaya ɗaya ta kawo ta. Ta zauna a ƙasa ta ƙi tashi har suka gaji suka kira wani ma'aikaci mai jin Hausa. Ya ce kilomita wajen ɗari takwas ne. Ta ce ba ta san kilomita ba, ya auna mata da salla. Ya ce wanda ya hau jirgin hantsi, a Yamai zai yi azahar.

A waccan Talatar, sai bayan la'asar aka rufe Karimou.

Ta iske Muhuyi a rumfar ƙofar masallaci cikin dattawa, inda mace ba ta tsayawa.

"Alhaji, da ƙafa ka je Makka?"

Ya ce ta koma gida a yi magana. Ta ce a nan za a yi. Ya kawo zancen takardar fita ƙasa, ta ce delege abokin cin tuwonsa ne, Assétou ma da safe ɗaya take samun tata. Dattawa suka sunkuyar da kai.

"Yaya, na san da jirgin," in ji shi a hankali. "Amma ɗan fari ne. Shekara talatin da huɗu ba ki taɓa kama sunansa ba, in ya shigo ɗaki fita kike. A ce kin hau jirgi kina bin gawarsa? Asirinki na rufa."

"Kunyar tawa ce. Ni zan ɗauka, ni zan ajiye. Wa ya aike ka?"

Liman ya soma ba ta haƙuri, ta ce ba haƙuri ta zo karɓa ba. Muhuyi zai nemo takarda, ya sa ta gaba ran Talata, ya nuna mata kabarin da yatsansa.

Muhuyi ya daɗe yana juya carbi. Sannan ya ce bai tambayi wace maƙabarta ba. Direbobin tasha ne suka rufe shi, kuma tuni kowa ya kama hanyarsa.